Kano zuwa Guangzhou, awa 15 ɗin da ejan ya ce min

Har yanzu in na tuna ejan ɗin nan sai raina ya ɓaci. Mutumin nan ya kalle ni ya ce "Alhaji ai awa 15 ce kawai", ya kama min ɗaki daga 14 ga Oktoba, ranar da zan tashi daga Kano, wai zan kwana in huta in shiga Canton Fair, babban baje kolin da ake yi a Guangzhou ta China, da sassafe ranar 15 da ake buɗewa.

Awa 15 ɗin ba ƙarya ba ce, amma ta cikin iska ce kaɗai. Kano zuwa Addis Ababa kilomita 3,300 da ɗoriya, wajen awa huɗu da rabi, Addis zuwa Baiyun, filin jirgin Guangzhou, kilomita 8,000, awa goma. Abin da bai saka a lissafi ba shi ne zaman jira a Bole, filin jirgin Addis, mun sauka bayan isha'i jirgin China kuma sai da dare ya raba ya tashi, ga kuma awa 7 da China ta riga mu. Agogon sauka da ke kan tikiti na garin da za ka sauka ne, sannan akwai wata 'yar +1 a gefe da ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ce ke cewa gobe za ka isa.

To da la'asar ɗin 15 muka sauka. Layin imigireshan lokacin baje koli kuwa ba a magana, kafin in ɗauki jaka in kai unguwar Xiaobei inda otal ɗina yake duhu ya yi, a Pazhou inda ake baje kolin an tashi tuni. Kwana 5 ne zangon farko na baje kolin, ɗaya ta tafi a banza. Wannan ma da sauƙi. Yarinyar resefshan ta juyo min da waya tana fassarawa, wai tunda ban zo jiya ba an soke kamun ɗakin da aka yi min gaba ɗaya, an ba wani ɗakin. A makon da kuɗin otal ke ninkuwa! Na kira ejan, ƙarfe ɗayan rana ce a Kano ba zai ce barci yake ba, wai "Alhaji a yi haƙuri, kuskuren kwamfuta ne". Kwamfuta ce ta ce min awa 15?

Dawowa ta fi tsawo ma saboda iska na gaba da jirgi, amma ko a jikina, ba ɗakin da zan rasa a Kano.

In za ka je, kar ka tambayi ejan awa nawa ce, ce masa ranar me zan sauka, ƙarfe nawa agogon can, ya nuna maka a takarda. Ka tashi 12 ko 13 ga wata, kuma ka sa otal su rubuto maka a WeChat, manhajar aika saƙo ta China, cewa sun san da yamma za ka iso. Kuɗin kwanan da aka soke min har yau yana ce min yana bibiya.