Wasiƙa daga Kumasi: don Allah a daina ba kyanwa Panadol

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, iyaye da yayye da ƙanne. Ina gaishe ku daga Aboabo, cikin zangon Kumasi. Muna nan lafiya, kasuwa kuma sai godiya.

Maganar kyanwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. A nan da wuya ka ga mai shagon hatsi ko na busasshen kifi da ba shi da tasa saboda ɓeraye, kamar yadda muke yi a gida. Idan ta mutu farat ɗaya sai a ce maƙwabci ne ya sa mata guba, har a daina gaisawa. Sau da yawa kuwa abin da ya kashe ta daga cikin gidan ya fito, wani lokaci ma daga hannun mai sonta.

Wata dattijuwa da muke gidan haya ɗaya ta ga magenta ta ƙi abinci, jikinta da zafi. Tausayi ya kama ta, ta ɓalli rabin Panadol ta jiƙa a cokali ta ɗura mata. Kafin magariba fuskar magen ta kumbura, ƙafafunta ma haka, tana ta haki baki buɗe. Da muka ɗaga leɓenta sai muka ga dasashin da aka sani ja ya koma ruwan ƙasa. Hajiya tana hawaye tana cewa, "Ɗana, ni fa magani na ba ta." Likitan dabbobi ne ya warware mana: hantar mutum tana da sinadarin da ke sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, ta fitar da shi, ta kyanwa kuwa ba ta da isasshe, sai maganin ya ɓata jinin har ya kasa kai iska cikin jiki. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ƙaton muzuru. Akwai makari, amma sai an kai ta da wuri. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su kuma ƙoda da ciki suke lalata mata.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ba sai kyanwa ta ci guba da gangan ba. Dabba ce mai tsafta, wuni take tana lasar jikinta, don haka duk abin da ta taka ko ya taɓa gashinta cikinta zai ƙare. An goge tsakar ɗaki da Izal ko Dettol, ta bi ta kai bai bushe ba, ta zauna ta lashe ƙafa. An yayyafa fiya-fiya ko Sniper don kyankyasai da kuɗin cizo, aka rufe ɗaki tana ƙarƙashin gado; sai a gan ta tana dalalar miyau tana karkarwa. Haka kananzir, haka kafur da muke zubawa cikin akwatin kaya. Maganin ƙuma da kaska na karnuka, wanda ke da permethrin, shi ma kada a ɗiga mata, jijjiga yake sa ta. A Suame Magazine, inda dubban makanikai ke aiki, na sha ganin koren ruwan lagireto kwance a ƙasa maguna suna ratsawa. Cokali ƙarami ɗaya nasa ya isa ya kashe mata ƙoda.

Shinkafar ɓera tana da nata makircin. Wata irinta hana jini daskarewa take yi, kuma ba ta nuna kanta ranar da aka ci. Sai bayan kwana uku zuwa biyar a ga kyanwa ta yi laushi, dasashinta ya yi fari. Wani lokaci ɓeran da ya ci gubar ta kama. A ganina gidan da ke da mage tarko ya fi dacewa da shi.

Sai abinci. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa mata ƙwayoyin jini sannu a hankali, ga shi miyarmu da shito, soyayyen yajin mutanen nan, duk da su ake yi. A tsame mata kifi ko nama tun kafin a sa kayan miya. Goro da kofi da cakulan su ma a kawar da su daga inda take kaiwa.

In ta faru, kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri don ta yi amai. Manjan na iya sarƙe ta ya shiga huhu, gishirin kuma wata gubar ce. Idan a gashi abin yake, a naɗe ta da tawul don kada ta lasa, a wanke wurin da sabulu mai laushi da ruwan ɗumi. Sannan a ɗauki kwalbar ko takardar maganin a tafi da ita wurin likitan dabbobi nan take, ko da kyanwar tana yawonta kamar ba komai, domin sunan da ke jikin kwalbar ne zai nuna masa makarin da zai ba ta. Mu a nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) tana horar da likitocin dabbobi. Ku kuma kuna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. A nemi lambar likita mafi kusa a ajiye a waya tun yau.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Kumasi.