AutoCAD Yana Jan Ƙafa a Tsohuwar Kwamfuta: Inda Ya Kamata Ka Fara Dubawa

Kafin ka kashe ko sisi, ka fara gano inda nauyin yake. Buɗe sabon zane marar komai a ciki a AutoCAD, manhajar zanen gini da na injiniya, ja layuka kaɗan, ka zuƙo ka nesanta. Idan komai na tafiya sumul amma wani fayil guda ne ke sa linzamin ya riƙa tsalle, to fayil ɗin ne ba shi da lafiya, kuma sabuwar kwamfuta ba za ta warkar da shi ba. Idan har fayil marar komai ma yana jan ƙafa, sai ka danna Ctrl+Shift+Esc ka buɗe Task Manager, ka ci gaba da aiki kana kallon ma'aunai uku: CPU, Memory da Disk. Wanda ya fara cika shi ne mai laifi.

Galibi fayil ɗin ne. Zanen gini yakan fito daga hannun safiyo, ya je wurin mai zane, ya wuce wurin injiniyan ƙarfe da na lantarki, kowa ya kwafo wani abu daga tsohon aikinsa ya liƙa. Kowace kwafa tana shigowa da datti da ido ba ya gani: bulok (zanuka da aka dunƙule abu guda) da ba a amfani da su, leyoyi (shimfiɗun da ake rarraba zane a kansu) marasa komai, salon layi na wasu manhajoji. Shi ya sa za ka ga zanen gida mai ɗaki uku ya kai nauyin zanen babbar kasuwa.

Ajiye kwafi a gefe tukuna. Sai ka rubuta AUDIT a layin umarni, ka amsa Y domin ya gyara kurakuran da ya samu. Bayansa PURGE, ka share komai, ka maimaita har sai ya ce babu saura, domin goge bulok guda yakan saki leyar da take maƙale a cikinsa. Akwai kuma dattin da tsofaffin sigogi ba sa nunawa a akwatin PURGE: rubuta -PURGE da ɗan layin a gaba, zaɓi R, ka sa alamar tauraro, ka amsa N. Wannan yana kwashe rajistar manhajojin da suka taɓa shafar fayil ɗin, kuma a zanen da ya daɗe yana yawo sukan taru su yi yawa matuƙa. Daga nan -SCALELISTEDIT, zaɓi Reset, domin share jerin sikelin da ya taru. OVERKILL kuma yana goge layukan da suka hau kan juna, amma ka kula da shi idan da gangan ka ɗora layi kan layi a leyoyi daban-daban. Fayil ɗin da ya ƙi sauƙi bayan duk wannan, yi masa WBLOCK: zaɓi abubuwan da kake gani kaɗai ka fitar da su zuwa sabon fayil.

Zanen da ya fito daga safiyo yana da tasa matsalar. A Kano, lambar arewa ta UTM, tsarin lambobin wuri da safiyo ke aiki da shi, ta haura mita miliyan 1.3. Idan mai zane ya mayar da ita milimita ya ci gaba da zana ɗakuna a wurin, yana aiki ne nesa da sifili da fiye da biliyan guda. A irin wannan nisa lissafin manhajar yana rasa daidaito, HATCH, wato zanen cike fili, ya warwatse, layin ɗigo-ɗigo ya rikice. Zana ginin kusa da 0,0, ka jawo fayil ɗin safiyo a matsayin XREF, wato fayil na waje da ake jinginawa da zane. Ka kuma gwada ZOOM da E: idan zanen ya koma ɗan ɗigo a kusurwar allo, akwai wani abu da ya ɓace can nesa, nemo shi ka goge.

HATCH mai ƙananan ramuka a fili mai faɗi shi ma yana cin ƙarfi sosai, musamman salon yashi da na kankare. Ƙara masa sikeli, ko ka sa duka a leya guda ka daskarar da ita (Freeze) har lokacin bugawa. A nan da yawa suke kuskure: kashe leya da ƙwan fitila ɓoye ta kawai yake yi, manhajar tana ci gaba da lissafa ta duk lokacin REGEN, wato sake gina zanen a allo. Freeze ne ke cire ta daga lissafin. Haka ma LTSCALE, sikelin layin ɗigo-ɗigo, da ya yi ƙanƙanta a kan doguwar iyakar fili, yana tilasta wa kwamfuta zana dubban gutsattsarin layi. Rubutun TrueType ya fi na SHX nauyi, don haka a zane mai yawan rubutu simplex ko romans sun fi dacewa da tsohuwar na'ura. Idan ka shimfiɗa PDF a ƙarƙashin zane, mayar da PDFOSNAP zuwa 0, in ba haka ba linzami zai riƙa neman kama kowane gutsuren da ke cikinsa.

Ka leƙa cikin foldar aikin kuma. Idan ka ga acad.lsp, acaddoc.lsp ko acad.fas kwance kusa da zanenka alhali ba kai ka sa su ba, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce, irin wadda ke bin filas daga shagon buga zane zuwa ofis. AutoCAD yana ɗaukar irin waɗannan fayiloli da kansa lokacin buɗe zane, su kuma su yi ta kwafar kansu zuwa wasu foldoji. Bincika kwamfutar gaba ɗaya da filas ɗinka ka goge su, kuma kada ka bar SECURELOAD, saitin da ke tsare ɗaukar irin waɗannan fayiloli, a kan 0.

Saitin manhajar ba ya ɗaukar lokaci. SELECTIONPREVIEW, ROLLOVERTIPS, QPMODE, SELECTIONCYCLING da VTENABLE, mayar da kowanne 0. Ado ne da taimakon ido, babu wanda zai taɓa ingancin zanen. DYNMODE ma za ka iya kashewa idan ka saba da rubuta umarni a ƙasa. Rufe akwatin Properties da Ctrl+1 idan ba ka buƙatarsa, domin duk abin da ka zaɓa sai ya tsaya ya karanta bayanansa. Haka ma akwatin leyoyi. A GRAPHICSCONFIG akwai Hardware Acceleration, kuma ba shi da amsa guda: a wata na'urar kunna shi ne magani, a wata mai tsohon direban hoto kashe shi ne. Gwada duka biyun a zane ɗaya. Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne SAVETIME. Wasu kan kashe ajiyar kai-tsaye don tana tsayar da aiki na ɗan lokaci, amma a inda wuta ke ɗaukewa babu sallama kuma batirin ya tsufa, minti 10 da aka sa masa tun asali ya yi daidai.

Sai ita na'urar. AutoCAD yana yin yawancin aikin zane mai fuska biyu da ƙwayar furosesa guda, saboda haka gudun ƙwayar ya fi yawansu muhimmanci. Wannan ne ya sa zafi yake yi masa illa fiye da sauran manhajoji. Furosesar Intel idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamar a bayyane take: da safe aiki lafiya, bayan rabin awa fanka ta fara kuka, komai ya koma jan ƙafa. Ƙurar hunturu tana toshe ƙarfen sanyaya da ke bakin fanka, sannan zafin watan Afrilu ya zo ya same shi a toshe. Sa manhajar HWMonitor ka ga zafin da idonka. Maganin shi ne a buɗe, a riƙe fankar da yatsa a hure ƙurar, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo kamar ƙwayar shinkafa. Kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma.

Caja ma tana da hannu. Laftof ɗin Dell yana tantance cajarsa ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakinta. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce, ko ƙarfinta bai kai ba, na'urar takan rage gudun furosesa ƙwarai. Shiga BIOS da F2 ka duba ko ta gane cajar. A Task Manager kuma, idan gudun ya maƙale ƙasa da 1 GHz kana tsakiyar aiki, zargi caja ko zafi. A kan batir kaɗai Windows ma yana rage gudu, sai ka sa saitin wuta a kan mafi ƙarfi.

Idan Disk ne ke zama a kashi 100, tsohon faifai mai juyawa ne matsalar. Na laftof mai juyi 5400 a minti yana karanta kusan MB 100 a daƙiƙa, SSD na SATA, ma'ajiyar da ba ta juyawa, kuwa kusan 500, kuma a ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. A ganina SSD ne sayayya ta farko, 256 GB ya isa Windows da AutoCAD da ayyukan da ke hannu. Sai dai SSD buɗewa da ajiyewa yake gyarawa, ba zai sa HATCH mai nauyi ya yi sauƙi ba.

Idan Memory ne ke haura kashi 85, ƙara RAM. Sigogin AutoCAD na 'yan shekarun nan 8 GB suke nema a matsayin mafi ƙaranci, kuma daga na 2020 babu mai hawa Windows na 32-bit. Kafin ka saya, duba irin wanda allon yake karɓa. ThinkPad T430 yana ɗaukar DDR3 har 16 GB a ramuka biyu, EliteBook 840 G3 kuwa DDR4 ne, kuma ba sa shiga ramin juna. Laftof masu furosesar Intel zubi na 4 suna son DDR3L mai 1.35V, ka sa musu na 1.5V, wasu ba za su ma tashi ba. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, musamman idan katin hoton na cikin furosesa ne, domin daga RAM ɗin yake ɗiba. Wanda laftof ɗinsa ke da katin NVIDIA ko AMD daban, ya shiga Settings, System, Display, Graphics, ya ƙara acad.exe ya zaɓa masa High performance, don sau da yawa Windows kan bar shi a kan ƙaramin katin.

Ba dole ne tsohuwar na'ura ta ɗauki sabuwar siga ba. Tsarin fayil na DWG 2018 shi ne sigogin da suka biyo baya suka ci gaba da amfani da shi, don haka AutoCAD 2018 yana buɗe zanen da aka yi da na 2024. Mai sigar da ta girmi wannan kuma zai iya sauke DWG TrueView, kyauta ne daga Autodesk, ya mayar da fayil ɗin zuwa tsarin 2013 ko 2010 kafin ya buɗe.