Ƙidayar balen a ƙarƙashin ƙanƙarar Alaska

A shekarar 1977 Hukumar Kula da Farautar Balen ta Duniya ta haramta wa al'ummar Inupiyat da ke arewacin Alaska farautar bohed, wato nau'in balen (babbar dabbar teku mai shayarwa) mai ƙaton kai wanda kakanninsu suka rayu da namansa da kitsensa tun shekaru aru-aru. Hujjar hukumar ita ce ƙidayar masana, wadda ta nuna cewa abin da ya rage na wannan dabba a tekunan Bering, Chukchi da Beaufort bai wuce tsakanin 600 zuwa 2,000 ba. Mafarauta suka ce sam, lissafin ne ke da gyara, kuma a cikin wannan shekara suka kafa hukumarsu ta mafarautan balen na Alaska domin su kare matsayinsu.

Mu a nan Yamai ba mu da teku, ballantana ƙanƙara, amma wannan taƙaddama ta cancanci mu san ta, domin duk wani shiri na kare dabba yana tsayawa ne a kan amsar tambaya guda: nawa suka rage, kuma wa ya ƙidaya su?

Yadda masana ke ƙidaya a wancan lokaci shi ne su tsaya a bakin ƙanƙara kusa da garin Barrow, wanda a yau ake kira Utqiagvik, a lokacin da bohed ke ƙaura zuwa gabas, su riƙa lissafa duk wanda ya ɗago ya yi numfashi a buɗaɗɗen ruwan da ke gabansu. Sun ɗauka cewa dabbar da ke shaƙar iska ba za ta kuskura ta shiga ƙarƙashin ƙanƙara mai kauri ba. Dattawan Inupiyat suka shaida musu cewa bohed ba ya tsoron ƙanƙara, yana bi ta ƙarƙashinta, yana tura ta da kansa har ta tsage ya sha iska, kuma da yawa daga cikinsu suna wucewa ta can nesa inda ido ba ya kaiwa. Da aka fara zura na'urorin sauraro cikin ruwa a shekarun 1980, sai ga muryoyin dabbobin suna fitowa daga wuraren da masu ƙidaya ba su ga komai ba, daidai yadda dattawan suka faɗa. Ƙidayar da aka yi a 2011, wadda ta haɗa gani da ido da sauraro, ta ba da kimanin 16,800, kuma ta nuna garken yana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari a kowace shekara, duk da cewa an ɗage haramcin ana ci gaba da farautar gargajiya bisa adadin da hukumar ta duniya ke ƙayyadewa.

Adalci ne a ce damuwar masana tana da tushe. Turawa sun fara farautar bohed don kasuwanci a tsibirin Spitsbergen da ke can arewa da Norway tun 1611, jiragen Amurka kuma suka ratsa mashigin Bering a 1848, suna neman mai na fitila da kuma dogayen faifan tace abinci da ke bakin dabbar, waɗanda tsawonsu kan kai mita 4. Kafin wannan ciniki ya mutu a farkon ƙarni na 20, an kusa ƙarar da su a ko'ina. Dabbar da ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 25, wadda kuma ke haifar ɗa guda a cikin shekara 3 ko 4, ba ta murmurewa da wuri.

Haɗin gwiwar da ta biyo bayan rikicin ita ce ta haifar da binciken da ya fi ba ni mamaki. Tun da mafarauta suka amince masana su riƙa duba abin da aka kama, sai aka fara tsintar tsofaffin kawunan mashi na dutse a cikin kitsen wasu dabbobin, alhali an daina amfani da irin waɗannan makamai tun ƙarni na 19. A 1999 Craig George da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan ƙwayar ido, inda wani sinadari ke sauya siffa sannu a hankali gwargwadon tsufan dabba, suka kimanta cewa ɗaya daga cikin mazan da aka kama ya kai shekara 211. A 2007 kuma aka sake ciro guntun wani mashi mai fashewa, ƙirar garin New Bedford na Amurka ta ƙarshen ƙarni na 19, daga jikin wani bohed da aka kama a Alaska. Ke nan ya yi fiye da shekara ɗari yana yawo da shi. A iya sanin kimiyya, babu wata dabba mai shayarwa da ta kai shi tsawon rai.

Wannan ya jawo hankalin masu binciken tsufa da ciwon daji. Dabbar da tsawonta ke kai mita 18, mai ƙwayoyin jiki da suka ninka na mutum sau da yawa, wadda kuma ke rayuwa ƙarni biyu, a lissafi ya kamata ciwon daji ya addabe ta, amma ba haka abin yake ba. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin masana na Jami'ar Liverpool ta karanta dukan kundin gadon halittar bohed, ta gano sauye-sauye a sassan da ke da alaƙa da gyaran DNA idan ta lalace. Daga baya masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin jikinsa na ɗauke da wani furotin mai suna CIRBP da yawan gaske, wanda ke taimakawa wajen ɗinke DNA da ta tsinke. A ganina masu gaggawar cewa an samo maganin tsufa su dakata tukuna, domin tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da asibiti ba ƙarama ba ce.

Wanda ya san labarin raƙuman dawa na Kure da ke kusa da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa kusan 50 a 1996 kafin su haura 600 bayan an jawo manoman yankin cikin aikin kare su, zai gane darasin Alaska ba tare da dogon bayani ba. Sai dai nasarar ta tsaya ne ga wasu garkuna. Bohed na tekun Okhotsk da ke gabashin Rasha ƴan ɗaruruwa ne kawai har yanzu, haka ma farin balen da ake kira beluga na mashigin Cook a Alaska ya faɗo daga kimanin 1,300 a 1979 zuwa wajen 300, kuma bai farfaɗo ba duk da dakatar da farautarsa da aka yi.

Barazanar yau kuma ta fi ta mashi wuyar aunawa. Wani bincike na masanan Finlan a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik, wato ƙurewar arewacin duniya mai ƙanƙara, yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. Ƙanƙarar da ke narkewa tana buɗe hanya ga jiragen ruwa da hayaniyarsu, tana kuma buɗe wa orka, mafaraucin teku da a da ƙanƙara ke tarewa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne narwal, wani nau'in balen mai haƙori guda da ke fitowa a miƙe har kusan mita 3, wanda ke nutsewa fiye da mita 1,500 don neman kifi. A 2017 Terrie Williams da tawagarta suka wallafa abin da suka auna a gabashin Girinlan: idan narwal ya firgita, yana ninƙaya da iya ƙarfinsa, amma bugun zuciyarsa kan sauka zuwa sau 3 ko 4 a minti guda, yanayin da masanan ke fargabar zai iya hana ƙwaƙwalwa samun isasshiyar iska idan ƙarar jirage da ta masu neman man fetur ta riƙa firgita shi a kai a kai.