Ƙafar dira ce ke biyan bashin kowane tsalle a wasan zamiyar ƙanƙara

Mai kallon wasan zamiya a kan ƙanƙara a talabijin yakan zuba ido ne ga juyin da 'yar wasa ke yi a sama. Masu horarwa kuwa ƙasa suke kallo, wato yadda ƙarfen takalmi ya bar ƙanƙara da yadda ya dawo mata. Faɗin ƙarfen nan bai wuce milimita 5 ba, kuma an ƙwaƙule tsakiyarsa, shi ya sa yake da kaifi biyu, na ciki da na waje. A gabansa akwai haƙora da ake cakawa a ƙanƙara.

Tsalle iri shida ne. Uku da haƙoran ake tashinsu: tolup, filif da luts. Sauran ukun daga kaifi kawai ake tashi: salko, lup da aksal. Aksal ne kaɗai ake shiga ana fuskantar gaba, don haka yana da ƙarin rabin juyi, kuma wanda ake kira mai juyi uku a zahiri uku da rabi ne. Midori Ito ta Japan ce macen da ta fara dirar da aksal mai juyi uku a gasa, a 1988. To amma duk shidan wuri guda suke ƙarewa, ana tafiya da baya a kan kaifin waje na ƙafa ɗaya, wadda ga yawancin 'yan wasa ita ce ta dama.

Zaman sama bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kusan kashi biyu cikin uku ne na daƙiƙa. Ba a iya ƙara shi sosai, saboda haka mai neman juyi huɗu dole ta ƙara saurin juyawa: ta matse hannuwa a ƙirji tun ƙafa na barin ƙanƙara, ta harɗe ƙafafu, kai da kafaɗa da ƙugu su miƙe a layi guda. In kafaɗar hagu ta riga ƙugu buɗewa, jiki ya karkace, kuma babu gyara a sama. Lokacin dira nauyin da ke sauka a kan ƙafar dama yakan kai ninki biyar zuwa takwas na nauyin jiki. Takalmin kuma mai tauri ne, ba ya barin idon sawu ya lanƙwashe yadda zai shanye bugun, sai bugun ya haura gwiwa da ƙugu da gadon baya.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne dira kafin juyi ya cika. Ƙarfe ya riga ya kama ƙanƙara, jiki kuwa bai gama juyawa ba, ragowar juyin sai ya ƙare a cikin idon sawu da gwiwa. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma yarinyar da ke maimaita wannan sau da yawa kullum, shekara da shekaru, ƙashinta bai gama ƙwari ba, ƙananan tsagu ne za su fara bayyana a ƙasusuwan tafin ƙafa ko a ƙasan baya. Evgenia Medvedeva ta samu tsagewar ƙashi a ƙafar dama a ƙarshen 2017, 'yan watanni kafin gasar Olamfik ta 2018. Rika Kihira, gwanar aksal mai juyi uku, ta rasa gasar Olamfik ta Beijin ta 2022 saboda irin wannan tsagu a idon sawun dama. Tara Lipinski, wadda ta ci zinaren Olamfik a 1998 tana da shekara 15, an yi mata tiyatar ƙugu tana da 18.

Akwai kuma maganar abinci, wadda ba a son tayarwa. Siririn jiki ya fi saurin juyawa, shi ya sa ake matsa wa 'yan mata su hana jikinsu cika. Idan abinci ya gaza abin da atisaye ke ƙonawa, al'ada kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni, tsagu ya zo da wuri. Yulia Lipnitskaya ta bar wasa a 2017 tana da shekara 19 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, lissafin maki ma bai goyi bayan wannan ganganci ba. A jadawalin da ISU, hukumar wasan ta duniya, ta kawo a 2018 ta kuma gyara a 2019, tolup mai juyi huɗu maki 9.50 ne. In juyin ya gaza da fiye da rubu'i, ya koma 7.60. In ya gaza da rabi, a matsayin mai juyi uku za a lissafa shi, wato 4.20, in kuma aka faɗi alƙalai su zabge rabi, a sake cire maki ɗaya na faɗuwa, abin da ya rage 1.10 ke nan. Luts mai juyi uku kuwa 5.90 ne, da kyakkyawar dira ya haura 7. Sharaɗinsa dai a tashi daga kaifin waje na ƙafar hagu. Da yawa kan mirgina zuwa kaifin ciki a daƙiƙar ƙarshe saboda ya fi sauƙi, kuma masu tantancewa na ganin haka a bidiyo su rage maki.

Alexandra Trusova ta dirar da tsalle biyu masu juyi huɗu a gasar matasa ta duniya a 2018 tana da shekara 13, a Beijin kuma ta jera biyar a wasa ɗaya, duk da haka azurfa ta samu. Bayan badaƙalar haramtaccen maganin da aka gano a jikin Kamila Valieva, mai shekara 15 a lokacin, ISU ta yanke a watan Yunin 2022 cewa shekarun shiga gasar manya su tashi daga 15 zuwa 16, sannan 17 daga kakar 2024. Kaori Sakamoto ta ci kofin duniya a 2022, 2023 da 2024 ba tare da juyi huɗu ko aksal mai juyi uku ba, da gudu da tsayin tsalle da cikakken juyi.

Ƙarin shekaru bai taɓa abin da ke faruwa a filin atisaye ba, domin 'yar shekara 12 na iya gwada juyi huɗu gobe da safe. Abin da ke kare ta a hannun mai horarwa yake: ya riƙa ƙirga tsallen kowace rana, ya koyar da sabon tsalle da igiyar ɗagawa kafin ya sake ta, ya sauya takalmi da zarar ya saki a idon sawu, ya rage atisaye a watannin da take ƙara tsawo. Ciwon da yarinya ke iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa da kowace dira, na likita ne da hoton ƙashi, ba a ɗaure shi da bandeji a koma kan ƙanƙara.