Saiwa ba ta tafiya a makance

Na taɓa sanya ƙwayar wake tsakanin jiƙaƙƙiyar takarda da bangon kwalbar gilashi, domin in ga abin da ƙasa take ɓoye mana. Da saiwar ta fito ta miƙe ƙasa, sai na kwantar da kwalbar. Kafin washegari bakin saiwar ya lanƙwashe, ya sake fuskantar ƙasa, kamar an sanar da ita cewa hanya ta canza.

Tun a 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna cewa idan aka yanke ɗan bakin saiwa, ba ta ƙara gane inda ƙasa take. Yau an san dalili. A cikin hular da ke rufe bakin akwai ƙananan ƙwayoyin sitaci masu nauyi waɗanda ke gangarawa duk ɓangaren da ya koma ƙasa, su kuma furotin da ake kira PIN sai su karkatar da oksin, sinadarin da ke sarrafa girman tsiro, zuwa wannan ɓangaren. Oksin yana rage tsawaitar tantanin da ke can (tantani shi ne ƙwayar halittar da jikin tsiro ya ginu da ita), na sama kuwa ya ci gaba da miƙewa, daga nan lanƙwasar take fitowa.

Ƙwayoyin gado iri ɗaya ne a kusan kowane tantani na tsiro, amma ba dukansu ke aiki a lokaci guda ba, kuma yanayin ƙasa yana da hannu wajen tada wasu da kwantar da wasu. Gwaje-gwajen Malcolm Drew a kan sha'ir cikin shekarun 1970 sun nuna cewa idan sashe ɗaya kawai na saiwa ya samu naitiret, wani abincin tsiro da ke cikin ƙasa, a wannan sashen ne take yawaita rassa. A 1998 aka gano ƙwayar gado mai suna ANR1 a ɗan tsiron Arabidopsis, wadda idan aka danne aikinta, saiwar ba ta ƙara miƙa rassa zuwa inda abincin yake. Haka lamarin yake da ruwa, domin saiwa ta fi fitar da reshe ta ɓangaren da ke da danshi.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasa mai tauri. An daɗe ana ɗaukan cewa saiwa tana tsayawa ne saboda ƙarfinta ya gaza huda ƙasar. A 2021 masana na Jami'ar Nottingham a Ingila da abokan aikinsu suka nuna cewa saiwa tana fitar da iskar etilin, wadda ke ficewa ta ramukan ƙasa mai laushi, amma idan ƙasa ta daddanne sai iskar ta taru a kewayen saiwar, ta kunna ƙwayoyin gadon da ke dakatar da tsawo. Shinkafar da aka toshe wa jin etilin ta fi kutsawa cikin irin wannan ƙasar. Ashe ƙarfin yana nan, tsiron ne ya karɓi gargaɗi ya ja da baya. A ganina wannan babban albishir ne ga masu kyautata iri, tun da halin da ƙwayoyin gado ke tafiyarwa ana iya zaɓensa.

An riga an gwada irin wannan zaɓen. Yusaku Uga da tawagarsa a Japan sun bayyana ƙwayar gadon DRO1 a 2013, wadda suka samo daga shinkafar tudu ta Filifin mai suna Kinandang Patong, kuma ita ke ƙayyade yadda saiwa take nitsewa maimakon ta bazu a sama. Da suka shigar da ita cikin wani irin shinkafa da ake kira IR64, mai saiwa kusa da fuskar ƙasa, ta hanyar barbara, sai sabon irin ya riƙa kai wa ga danshin da ke can ƙasa, ya kuma ba da amfani a lokacin farin da ya kusan hana IR64 ta asali yin tsaba.