TARIHIN RAYUWATA, kashi na 6: Gidanmu na Sabon Zongo

Assalamu alaikum jama'a, yau gidan da aka yanke min cibiya zamu shiga, Sabon Zongon Accra can kusa da Abossey Okai. Malam Bako ɗan Malam Naino Bakatsine ne ya kafa unguwar wajajen 1912, da Zongo Lane ta cikin gari ta cika ga kuma rigimar shugabanci, sai ya nemi fili wurin sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, ya fito da mutanensa ya rinƙa yanka wa kowa wurin gini. Kakanmu na cikin waɗanda suka biyo baya, kuma kuɗin goro ne ya gina gidan, lokacin da ake loda huhun goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya haura da shi Kano.

Wallahi duk wanda ya san gidan nan ya san don baƙi aka gina shi. Zauren ya fi ɗakin kakan kansa girma, ɗakunan bakin ƙofa kaf na fatake ne, mutum zai sauka da kayansa ba mai tambayarsa kuɗin kwana, maigida shi zai nemo masa mai saye, shi zai tsaya masa in bashi ne, la'adarsa kawai yake ɗauka. Sai ka ratsa soro na biyu kafin ka ga tsakar gida. Ni ban tarar da fataken ba amma na tarar da tukunyar tuwonsu, ƙatuwa, ina ɗan yaro har ɓuya nake a ciki.

Akwai wata tsaga a bangon ɗakin Kaka tun girgizar ƙasar 1939, ta hana a shafe. Takan kama hannuna ta ce "kai maigidana sa yatsa ka ji, ranar nan a waje muka kwana kowa sai salati."

Bayan rasuwar Baba aka zo rabon gado, magada sun yi yawa kowa da buƙatarsa, ban ga laifin kowa ba amma ranar da aka ja bulo a tsakiyar zauren aka mai da shi shago biyu na haya, ina tsaye ina kallon magina hawaye na zuba. Baffa ne ya dafa ni ya ce in wuce ciki.

Mako mai zuwa insha Allah zan kawo muku yadda muka tashi muka koma unguwar Nima a nan Accra.