Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tafiyar Dogon Hutu

A makon jiya na tsaya a inda aka raba mana sakamakon jarrabawa, aka rufe makaranta domin dogon hutu. A wannan hutun ne, ina ɗan shekara 12, mahaifinmu ya cika alkawarin da ya yi shekara uku yana ɗagawa, wato ya kwashe mu gaba ɗaya a mota domin mu je mu ga danginsa na nesa da abokansa na ƙuruciya, mutanen da mu yara ba mu san su ba sai a bakinsa da kuma a wasu tsofaffin hotuna da yake ajiyewa a ƙasan akwatinsa.

Baba mutum ne mai tsari, don haka tun saura mako biyu ya sayi ƙaramin littafi ya rubuta gidaje tara da yake son mu shiga cikin kwana takwas, kowane gida da sunan mai shi da irin dangantakar da ke tsakaninmu. A lokacin wayar hannu ba ta zo mana ba, saboda haka wasiƙu ya rubuta ya aika, yana sanar da ranar da za mu iso. Motarsa Peugeot 504 ce, doguwar nan mai kujeru layi uku, samfurin da aka fara ƙerawa a Faransa, wanda ya yi suna wajen jure doguwar hanya da nauyin kaya. Kwana biyu motar ta yi a wurin bakanike, aka canja baƙin mai, aka duba birki, aka auna iskar tayoyi har da ta safaya. Da za mu baro garejin, bakaniken ya miƙa wa Baba sabon fanbel ya ce ya jefa a but ko da za a buƙata, Baba kuwa ya karɓa ba don ya ga dalili ba, sai don ba ya son ya ƙi shawarar mai sana'a.

Mun tashi da asuba mu bakwai: Baba a sitiyari, Umma a gefensa da autarmu a cinya, Yaya da ƙannena mata biyu a tsakiya, ni kuma a can baya tare da jakunkuna. Zangon farko shi ne mafi tsawo, kusan kilomita 700, kuma Baba ya ƙa'ide wa kansa tsayawa duk bayan sa'a biyu domin ya miƙe ƙafa ya watsa wa fuskarsa ruwa. Ban mance yadda ƙasa take sauya kama ta gilashin baya ba, gonaki su ba da wuri ga daji, daji ya ba da wuri ga duwatsu, har na fara gane cewa nisan da Baba yake ambata idan an tambaye shi dalilin rashin zuwa gida, nisa ne na gaske.

Da rana ta take, sai wata jar fitila ta kama a gaban direba, allurar zafi kuma ta fara hawa. Baba ya gangara gefen hanya ya kashe injin, ya buɗe bonet, muka tarar fanbel ya tsinke. Wannan ɗan siririn bel ɗin shi ne yake juya famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin, shi ne kuma yake juya na'urar da ke cajin batir, shi ya sa alamun biyu suka bayyana a tare. Yaya, da yake yana ganin ya girma, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta ba. Bayan ya huce ne ya yi mana bayani cewa ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yana iya haura digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, amma da zarar an sassauta murfin sai ya yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Muka jira injin ya huce, wani direban babbar mota ya tsaya ya taimaka aka ɗaura sabon bel ɗin, ya kuma ƙi karɓar komai. Sa'a uku muka rasa a wurin.

Saboda haka sai da dare ya raba muka isa gidan farko, gidan Goggo, yayar Baba wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda kuma rabonsa da ita shekara 14. Wasiƙar ba ta iso ba, babu wanda yake tsammaninmu. Baba ya yi sallama sau uku kafin wani jikanta ya buɗe ƙofa da fitila a hannu yana tambayar ko su wane ne. Kafin Baba ya amsa, sai muka ji murya daga cikin ɗaki tana kiransa da wani suna da ba mu taɓa ji ba, sunan da ake kiransa da shi yana yaro. Idanunta sun riga sun yi rauni ƙwarai, da muryarsa kaɗai ta gane shi.

Abin da na gani a daren nan shi ne dalilin da ya sa na ware wa wannan tafiya kashi guda. Mutumin da muka sani da kwarjini, wanda idan ya shigo gida kowa yake shiga taitayinsa, sai ga shi zaune a ƙasa kusa da ƙafafunta, kansa a sunkuye, yana cewa, “Yaya, ki yafe mini, na daɗe.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta yana kan kansa, sannan ta ce, “Ai ka zo, kuma ka kawo mini su. Matso mini da su in gan su.” Ganin nata kuwa da hannu ne. Ɗaya bayan ɗaya ta shafa fuskokinmu tana tambayar suna da shekaru, da ta zo kaina sai ta tsaya a goshina, ta ce wannan goshin na mahaifinsu ne. Ban taɓa ganin kakana ba, ko hotonsa babu, amma daga wannan daren na ji kamar an ba ni wani abu nasa in riƙe. A ganina, Baba ya yi kuskure da ya bari shekarun suka taru haka, kuma na san shi ma ya san da hakan, domin kwana ɗaya ya rubuta wa gidan a littafinsa amma uku muka yi.

Wannan ya sa sauran ziyarar ta zama ta gaggawa. Mun shiga gidan Baffa da na Kawu da wasu gidaje huɗu, wani mu kwana, wani mu yi sa'a biyu mu wuce, kuma a kowane gida Baba yakan miƙo mini littafin in rubuta sunayen yaran da muka tarar, saboda ya ce rubutuna ya fi na Yaya kyau.

Gida na takwas na amininsa ne, wanda suka yi makarantar kwana tare, gadonsu yana kusa da juna shekara biyar. Mun same shi da ciwon shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, matarsa ce take fassara mana maganarsa. Baba ya ɗauko wani hoto da suka ɗauka a shekararsu ta ƙarshe, ya riƙa nuna fuskoki yana kiran sunaye, shi kuma yana gyaɗa kai, idan Baba ya yi kuskuren suna sai ya buga hannunsa mai lafiya a kan kujera har sai an gyara. Haka suka yi har magariba, suna dariya suna share hawaye. Gida na tara ba mu samu zuwa ba, kwanakin sun ƙare, kuma Baba ya ja layi a ƙarƙashin sunan ya rubuta “baɗi”.

A hanyar dawowa muka sake biyawa ta gidan Goggo domin yin bankwana. Muna shirin shiga mota ta riƙe hannun Baba ta ce, “Ka bar mini mai goshin nan har hutu ya ƙare, ina da abubuwan da zan faɗa masa, shi kuma ya iya rubutu.” Baba ya dubi Umma, Umma ta dube ni, sannan ya buɗe but ya sauke jakata, ya ɗora littafin a kanta. Makonni biyar da na yi a gidan nan, da abin da Goggo ta sa na rubuta a sauran shafukan, su ne zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.